Ranar da Arɗo Ya Ƙi Ƙidaya Shanu

Sana'ata dillanci ce, amma ba na shanu ko gidaje ba. Masu shirya fim ɗin talla nake nemo wa aiki wajen kamfanoni, in yi ciniki, in ɗauki ushirina. A shekarun da kuɗin mai ke zuba, ba a daɗe da yanke mana Jihar Sakkwato ba, daraktoci uku ne a hannuna: ɗaya a Ikko, ɗaya a Yamai, sai Isifu mutumin Zangon Kumasi, wanda ya fi su ido, ya kuma fi su zafin kai.

Ga abin da muka fito nema. Wani kamfanin maganin tsutsar cikin shanu ya ba Isifu tallan gwaji guda ɗaya. In ya yi kyau, shida za su biyo baya, a nuna su a silima da majigi a Nijeriya da Nijar da Kamaru. In bai yi ba, aikin ya koma hannun wani Bature, Isifu kuma ya faɗa mini ido da ido cewa zai koma wajen wani dillali a Ikko. Gwangwanin fim huɗu ne da mu, kowane bai wuce na minti goma ba, kuma dole su hau jirgin Jumma'a.

Talata: Sakkwato zuwa Kebbe

Ƙarfe biyar da rabi, da idar da sallar asuba, muka bar Sakkwato cikin a-kori-kura. Mu uku ne a gaba: ni, da Isifu rungume da kyamararsa, da direbanmu Ɗan'ige. Kafin Boɗinga ɗan sanda ya tsayar da mu, ya leƙa baya, ya ga ƙarfen da ake ɗora kyamara a kai.

"Wanga mai ƙafa ukku, bindiga ta?"

Ɗan'ige ya ce, "Ta hoto ta, ranka shi daɗe. Gyara hula a ɗauke ka."

Ya gyara hula, ya ƙame. Isifu ya auna shi da kyamarar da babu fim a cikinta, muka wuce.

A Dogon Daji muka karya da koko da ƙosai, mu uku kwabo talatin. Takwas saura kwata muna Tambuwal, kamar mil sittin ke nan daga Sakkwato. Na shiga gida na gai da tsohuwata, na sayi buhun kanwa da goro ƙwarya guda don Arɗon da za mu je wurinsa. Daga nan kwalta ta ƙare mana. Hanyar Kebbe ba ta kai rabin wadda muka baro ba, amma sai da ta ci mana awa biyu da rabi, har sau biyu muna sauka muna turi cikin yashi.

Mun sauka gidan kawuna Malam Sani, wanda ke karantarwa a zaurensa. Shi ya nemo mana Arɗo Buba, don ya san da gaske ya ba shanunsa wannan magani da damina. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Isifu ya ci malmala uku, ya ce a Kumasi ba a taɓa gaya masa gaskiya game da kuka ba.

Laraba: rugar Arɗo

Bakwai na safe muka isa rugar, a hanyar Fakku, tafiyar minti arba'in. Arɗo dogon dattijo ne mai magana a hankali. Ya karɓi kanwa da goro, ya sa aka kawo mana nono. Shanunsa gudali kuwa ƙosassu, sai sheƙi suke. Isifu ya kafa kyamara, ya fara ɗauka tun muna gaisawa.

Takardar da na sa wa hannu a Ikko cewa ta yi makiyayi zai bi shanunsa yana nuni da sanda, yana ƙidaya har hamsin, sannan ya ce ko ɗaya ba ta mutu ba. Na karanta wa Arɗo. Ya sunkuyar da kai, ya shiga zane ƙasa da sandarsa.

Isifu ya ce, "Dillali, ce masa ya fara, fim yana tafiya!"

Arɗo bai motsa ba. Haka gwangwani na farko ya ƙare a kan dattijo yana kallon ƙasa. Isifu ya sa na biyu, ya zaci mutumin bai gane ba ne. Ya bar kyamara tana juyawa, ya shiga gaban garke yana nuni da yatsa. "Ka gani, Baba? Ɗaya, biyu, uku, huɗu..."

Bai kai goma ba Arɗo ya miƙe ya yi wani fito. Garken nan gaba ɗaya ya juya ya nufi fadama, 'yan'uwan Arɗo biyu na biye. Ya dube ni, ba Isifu ba.

"Kai ɗan ƙasag ga na. Mai jangali ɗai munka sani da ƙidayar shanun mutum, sai mai mugun baki. Wane cikinsu kak kawo min?"

Laifin nawa ne. A Tambuwal aka haife ni, na san Bafillace ba ya faɗin yawan dukiyarsa ko ga ɗan'uwansa, kuma soke jangali da aka yi bai goge wannan ba. Amma a ofishi mai sanyi a Ikko na karanta takardar nan, abin bai ko faɗo mini a rai ba.

A mota Isifu ya kawo dabararsa: mu sami wani ɗan gari mu sa masa malafa, mu yi hayar shanun mahauta. Na ce a'a. Duk makiyayin da ya kalli fim ɗin a Nijar, daga riƙon sanda zai san ƙarya ce, shanun ma ba za su yarda ya matso su ba.

"To, in Jumma'a ta yi ba fim, ka san inda na nufa."

Na ce na sani.

Da la'asar na koma tare da Kawu, muka bar Isifu a gari. Kawu ya ba da haƙuri, ya yi wa dukiya addu'a, Arɗo ya shafa. Da na ga fuskarsa ta saki, na tambaye shi abin da ke cina tun safe.

"Arɗo, in ba ka ƙidaya, ƙaƙa kaka sanin wata ta ɓace?"

Ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana. "Kai, ku Haɓe! Sai ka ƙidaya ɗiyanka kaka sanin wane ba shi gida? Sunansu nika kira."

Ya juya ya ce, "Wule!" Wata saniya ta ɗago kai daga cikin garke, ta tako har gabansa. Nan take na shiga ciniki. Ya kafa sharaɗi biyu: ba ƙidaya, kuma kada kyamara ta haɗa garken duka a hoto ɗaya. Na yarda. Babu waya a Kebbe da zan nemi izinin kamfani, saboda haka na gaya wa Isifu mun bar takardarsu, in sun yi fushi ni zan tsaya a gabansu.

Alhamis

Shida da rabi muna ruga. Isifu ya cire takalmi ya durƙusa ya gai da Arɗo, wanda ya ce masa, "Yau ka bar yatsanka cikin aljihu." Arɗo ya tsaya shi kaɗai, sanda bisa kafaɗa. Ya kira Wule ta zo, ya kira Ɓale ta zo. Sannan ya kira Saye, wadda ya ce da damina sai an ɗaga ta take tashi. Ba ta fito ba. Ina jin ƙarar fim yana cinyewa. Can sai ga ta ta ratso 'yan'uwanta a guje, ta sa hanci a hammatarsa, ya shafa wuyanta. Ba wanda ya sa shi, ya ɗaga kwalbar maganin. Isifu ya yi ta ɗauka har gwangwani na huɗu ya ƙare, sannan ya zauna a ƙasa ya nemi ruwa.

Mun kwana Tambuwal, Jumma'a goma na safe muna filin jirgin Sakkwato.

Ikko, da komowa gida

Sai da aka yi mako uku kafin fim ya dawo daga wanki a Landan. Manajan kamfanin ya kalla, ya tambaye ni ina hamsin ɗin da na sa wa hannu. Na gaya masa gaskiya. Wakilansu na Yamai da Garwa kuwa suka ce a bar musu shi yadda yake, tun da ba ya bukatar fassara, kowane makiyayi zai gane abin da ya gani. Manaja ya ce shi ba ya aiki da mai sauya takarda, ya ba Baturensa tallan Nijeriya guda biyu.

Ranar Lahadi da magariba na iso Tambuwal. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Kawu Malam Sani da Ɗan'ige, da Arɗo Buba wanda na aika wa wani buhun kanwa. A cikin shida mun sami huɗu. Kasuwar gida ta kuɓuce mini, kuma sakacina ne ya jawo. Nijar da Kamaru sun shigo hannu, Isifu kuma bai je wajen kowane dillali ba, sai da muka yi shekara tara tare.