Bindigar da Na Tsinta a Akwatin Gwanjo

Ina warware wani tsumma sai na ga ƙarfe. Gajeriyar bindiga ce mai sakata kamar ta ƙofa, a ƙasan akwatin gwanjon da na saya lokacin da Turawa ke haɗa kaya.

Na ruga Ƙofar Taramniya wurin Baba Saje, tsohon soja.

"Baba, wace iri ce? Za ta shiga kasuwa?"

Ya ja sakatar, ya juya harsashin da ya faɗo.

"Ɗan nema, wanga harsashi mai ita ka haɗa abinai. Duk Sakkwato Bature guda ad da irinta, kuma 'yan doka na biɗarta."

Ni da ba na asarar haja, a ranar nan, rijiya na yi wa kyautar bindigar.

Da ku ne, mayarwa ko jefawa?