Tulu Arba'in da Na Gasa Ni Kaɗai

Yau jikata ta sawo tulu a kasuwar Madarunfa. Ina ƙwanƙwasa shi da yatsa, sai na tuna wata safiya tun zamanin Nasara, ina budurwa.

Inna ce mai ginin tukwane a unguwarmu. Shekarar nan ciwon baya ya kwantar da ita, ni na gina tulu arba'in na gasa, don wani ɗan kasuwa daga garin Safo da zai zo ɗauka. Da toka ta huce, na zaɓo uku mafiya kyau zan gwada da ruwa. Gwaggo Hasana, ƙanwar Baba, ta ce in mayar.

"Rufe ido, ɗiyata. Ɗauko biyu gabas, biyu yamma, biyu tsakiya. Ba masu kyan za a gwada ba."

Muka cika shida. Kafin azahar ɗaya ya jiƙa ƙasa sharkaf. Na fashe da kuka, na ce na ɓata sunan Inna.

"Daga ina kika ɗauko shi?" in ji Gwaggo.

"Gabas."

"To, nan iska ta kore wuta jiya. Gwada layin nan duka."

Tulu takwas ne a layin, uku suka yi yoyo, har da na farkon. Muka ƙara ɗauko huɗu cikin sauran, ko ɗigo babu. Talatin da bakwai suka hau jakai. Da na gaya wa Inna, hankalinta ya kwanta, ta ce in ɗaga ta zaune, yunwa take ji.

Ku masu sana'ar hannu, yaya kuke gwada kayanku kafin su bar gida?