Yoga a Kan Dardumar Mahaifiyata

Shekarun baya, ciwon baya ya taɓa mayar da ni tsoho da ƙarfin tsiya. Ni tela ne a unguwar Nasarawa cikin Birni, kullum a duƙe kan keke, har ta kai ruku'u ya gagare ni. Ina da shekara talatin da ɗoriya amma a kan kujera nake salla, a gefen sahu tare da dattawa. Wallahi ba abin da ya fi wannan ci mini rai.

Likita ya koya mini wani motsi na masu fara yoga. Ka durƙusa bisa gwiwoyi da tafin hannu, ka tsuke ciki, ka miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ka ja numfashi sau biyar, sannan ka canza. Ya ce yana ƙarfafa ciki da ƙugu, yana kuma miƙe ƙashin baya, in dai ban yi fashi ba.

Sai na rufe shago na tafi Argungu wurin mahaifiyata in huta. Washegari da hantsi na durƙusa zan fara motsin, simintin tsakar gida ya dami gwiwata, na jawo dardumarta ta salla na shimfiɗa, ban ma lura yamma na fuskanta ba. Na ɗaga ƙafa ke nan, ina rawa kamar tsohon teburi, sai na ji salati a bayana.

"Wagga wace irin salla ta? Ga alƙibla can, kai ka ba ta baya, ƙahwa ɗaya sama!"

Na ce, "Inna, ba salla ba ce, magani ne."

"Magani bisa dardumata? Su wa sunka koya maka wanga abu Birni?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Kafin azahar ta aika an kira kawuna, malami ne, ya zaunar da ni yana tambayata ko na shiga wata sabuwar ƙungiya. Ni da ko tsugunno ba na iyawa, wace ƙungiya za ta ɗauke ni? Ya saurare ni, ya ce ba laifi, in dai bar darduma. Ita kuwa ta ce ba a tsakar gidanta ba, maƙwabta na leƙe.

Haka na koma yi a ɓoye a ɗakin da ake ajiyar albasa, ba tare da ta sani ba. Wata biyu ina shimfiɗa buhu, ina miƙe hannu da ƙafa, ina jan numfashi sau biyar cikin warin albasa, idona na hawaye. Ina fitowa kuma ta tare ni da man shanu da ta haɗa da wasu saiwoyi, ta mulke mini baya har in yi ƙara.

Wata Juma'a na shiga sahu a tsaye. Na yi ruku'u, na yi sujada, na tashi ba tare da na dafa kowa ba. Na dawo gida da gudu-gudu na faɗa mata.

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Ka gani ko? Da kab bar wancan shirme, man shanu yay yi aikinai."

Har yau haka take gaya wa duk mai ciwon baya a unguwar, kuma har yau abin yana ba ni haushi. Na sha buɗe baki in gyara mata. Sai in tuna ita ce ta yi wata biyu tana murza bayan ƙato da hannuwanta masu ciwo, in rufe bakina in ce, "Haka ne, Inna."