Bangon Laka Mai Rigar Siminti

Shekara bakwai ke nan da bangon gida ya faɗo wa ƙanena Garba a Ƙauran Namoda. Na daɗe ina jira zuciyata ta huce kafin in rubuta komai a kansa. Ba ta huce ba, ni kuma tsufa ba ya jira na.

Garba ɗan kasuwar hatsi ne, yana ɗauko gero daga Moriki da Dauran. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu na ƙasar Zurmi, dangi suka kwararo Ƙaura, sai ya ce muddin yana raye ba nasa da zai kwana a tasha. Ya sayi wani gida kusa da kasuwa, sumul da sabon fenti. Ya ƙudura zai fasa bangon zaure ya fitar da shago, ya aza bene a sama domin baƙi.

Na ce masa ya ɗauko mai zanen gine-gine daga Gusau ya duba gidan kafin a taɓa shi. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Yaya, yawon duniya ya ɓata ka. In biya mutum ya zana man takarda? Mi takarda za ta riƙe?"

Na yi yawon, ban musa ba. Na zauna a Kumasi da Maraɗi da Jidda. A Jidda na ga attajiri yana jiran wanda suke kira muhandis, wato injiniyan gini, kafin ya fasa taga a gidansa na kansa. A Agadas na kwana a gidan laka da ya girmi kakana, domin masu shi da laka suke yaɓe shi duk shekara, bango yana shan iska. Mu a nan sai mu lulluɓe tsohuwar laka da siminti, mu shafa fenti, mu sayar da sunan bulo. Ruwa ya sami tsaga ya shiga, ya rasa mafita, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali waje yana sheƙi. Irin gidan da Garba ya saya ke nan. Da masani ya ɓantari tafin hannu ɗaya na bangon, da ya gani.

A damina ta biyu, bayan la'asar, benen ya zauna a kan shagon. Mata da yara sun tafi bikin suna a maƙwabta. Garba kaɗai ke ciki yana awon gero. Da hannu muka tono shi.

Wajen ta'aziyya kowa ya ce kwana ya ƙare. Na yi imani da haka. Amma wanda ya sayar da gidan ya zo ya zauna a tabarmarmu, ya shafa fatiha tare da mu, ba wanda ya tambaye shi abin da ya rufe da fenti.

Da Garba zai leƙo yau, zai ga Ƙaura da Shinkafi sun cika da masu gudun hijira, benaye suna tashi a kan tsofaffin harsasan gini, kowa ya zama mai tsara gidansa da bakin sanda a ƙasa. Ban san ko zai sake yin wannan dariya ba.

Yanzu babban ɗansa Bashir yana gyara ɓangaren gidan da bai faɗi ba, domin wasu dangin sun sake tasowa daga Dauran. A wannan karo ban tsaya ga shawara ba, na ɗauko mai zanen da kaina. Ya duba, ya ce a rushe bangon baya. Bashir ya ba shi ruwa, ya raka shi har mota, ya dawo ya durƙusa gabana.

"Baba, ka yi haƙuri. Magini ya ce wanga bango lafiya lau yake. Mutane na kwana a waje."

Abin da ya rage na Garba ke nan. Ya bar wa ɗansa zuciyar da ba ta iya ganin ɗan'uwa a titi, ya bar masa kunnen da ba ya ji. Ina roƙa masa gafarar Allah saboda ta farko. Jiya na bi ta ƙofar gidan, na tarar ana zuba kankaren sama, jikokin Garba suna wasa a gindin bangon da aka ce a rushe.