Ƙusa a Gurbin Fis

Kai mai gareji, kai ka ƙona hannun Baba Fis. Ina zaune a bakin ƙofarka da kwanukan abincina na gan ka, kuma ba zan mutu da maganar nan a cikina ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Fis shi ne dattijon da ke ja wa motoci wayar kiɗa a garejin tun kaina bai yi furfura ba. Kafin in sauke tukunya ya riga ya shimfiɗa buhunsa, ya jera filaya da salatif. In an kawo amfilifaya, akwatin nan mai sa bayan mota rugugi, sai ya ja waya mai kaurin yatsa daga batir, ya sa mata roba duk inda za ta gogi ƙarfe, ya ɗaura fis, ɗan abin nan mai katse wuta in ta yi yawa, dab da batir. Direbobi kan tsokane shi: "Baba, ko Inna ma da fis ka auro ta?" Ya ce, "Shi ya sa har yau gidana bai kama wuta ba."

Ranar da abin ya faru, wani mai mota ya dawo yana faɗa, wai fis na ta ƙonewa, kiɗa na ɗaukewa. Baba ya ce, "Ɗana, fis ba ya ƙonewa a banza, waya ce ta goge a wani wuri. Bari in yi salla in bi ta." Yana juya baya ka zare fis, ka cusa ƙusa a gurbinsa, ka ce, "Tsohon nan nawa gare shi."

Motar ba ta kai titi ba hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujerar baya, inda 'yar mutumin ke barci. Uban na kokawa da ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Baba ya taho da danshin alwala a hannu, ya ɗaga bonet, ya damƙi wayar da ta yi jawur, ya fizge ta. Daga inda nake na ji ƙaurin fata.

Yarinya ta fita lafiya. Kai kuwa ka ce aikin Baba ne, tsufa ya kama shi, ka sallame shi.

Baba, kai ne mai ɗaure wuta tun ba ta tashi ba. Yau yatsunka sun ƙanƙance, cokali ma Inna ke riƙe maka. Na kai maka abinci ka ɓoye hannu a cikin riga, kana tambayata ko yarinyar ta daina tari. Allah Ya saka maka. Masu koyon aikin waya, ku je ku gaishe shi, ku ga hannun da ya kamata ku bi.

Ƙusar tana wurina, na tsince ta da sauran ɗuminta, tana ƙulle a bakin zanina. Mai gareji, ka fito gaban direbobi, gaban Inna, ka faɗi wanda ya sa ta.