Randar Inna da Duba-gari

A shekarun tsuke bakin aljihu sabulu ya yi wuya a Kabo, sai Innarmu ta koma dirje randarta da toka, don duba-gari yana cin tarar masu ƙazanta. Rafin da muke ɗiba kuwa, tankar wani kamfanin fata ke zuwa daga birni tana juye dagwalo a ciki, ba mai cewa kanzil. Masu kamfanin sun san manya.

Duk ranar da duba-gari ya leƙa randar ya yaba, sai Inna ta ciko moɗa ta miƙa masa da fara'a: "Malam, a sha ruwa mana."

Allah ya jiƙan Inna. Shekara uku bawan Allahn nan yana ce mata azumi yake.