Ganyen Ar'ar na Inna

Shekarar da Inna ta je aikin Hajji, abin da ta fi ɗokinsa bayan ibada shi ne ganin ƙanwarta, wadda aure ya kai Ɗa'ifa tun suna 'yan mata. Kwana biyu kacal suka yi tare. Da za su rabu, ƙanwar ta ɗaure mata wani busasshen ganye a tsohon kallabi, na wata bishiyar kan duwatsun can da ake kira ar'ar. Siriri ne, ƙamshinsa mai kaifi da sanyi-sanyi, bai yi kama da hawi ko kajijin da matan gidanmu suka saba ba. Bayan shekara uku saƙon rasuwar ƙanwar ya iso Bodinga.

Ni a lokacin ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Shagari. Duk Juma'a bayan masallaci nakan hau babur in nufi gida. Nakan tarar Inna ta zuba garwashi a kasko, ta ɗauki ganyen da yatsu biyu ta barbaɗa, ta zauna har hayaƙin ya ƙare. Ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, sai dai ta ce Malam.

Wata Juma'a ta kwance kallabin a gabana. Abin da ya rage bai fi tafi biyu ba.

"Malam, ku da kuka karatun haɗe-haɗe, ba ka iya gano mi aka sa wa ganyen ga? In ya ƙare ka haɗa man wani."

Na ce mata ba sa masa aka yi ba, wani mai ne Allah Ya halitta a cikinsa, kuma ana iya tatso shi a duba. Amma sai ta ba ni ganyen da yawa. Ta daɗe tana kallon kallabin, sannan ta raba biyu ta turo mini rabi.

Makarantarmu ba ta da na'urar wannan aiki. Na ari tukunya a wurin matar maƙwabcina, na samo bututun jan ƙarfe a shagon mai gyaran firji, na lanƙwasa shi cikin bokitin ruwan randa. Sai da na gwada sau uku da ganyen zaiti, don ina tsoron ɓata na Inna. Ranar da na ɗora nata, na yini ina gyara wuta, tururi na bi ta bututun yana ɗiga a kwalba. Da la'asar na ga mai ya taso a saman ruwan, bai kai cikin ƙaramin cokali ba. Na kai rabinsa wurin wani abokin karatuna da ke aiki a ɗakin gwaji a Sakkwato.

Sakamakon bai fito ba sai da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Kafin nan ciwon ƙafa ya kwantar da Inna. Na zauna a bakin gadonta da takardar ina karanta mata sunayen. Na ce mafi yawa a ciki ana kiransa alfa-fainin, akwai shi har a bishiyar zaitin da ke bakin asibiti. Wani kuma limonin, irin na ɓawon lemo. Ta sa na maimaita, tana gwada faɗa tana dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarta haka an jima.

Ta tambaya ko yanzu zan iya haɗawa. Na gaya mata gaskiya, cewa sunayen suna da yawa, wasu ma abokin nawa bai gane su ba, kuma ko an same su duka ba lallai su ba da wancan ƙamshin ba. Na miƙa mata 'yar kwalbar da sauran man. Ta buɗe, ta shinshina, ta rufe ido.

"Haka ɗakinta yake," in ji ta, tana nufin ƙanwar tata. "Ta shimfiɗa man darduma bakin taga, muka yi ta hira ba mu ci abincin ba."

Daga nan ta shiga ba ni labarin ƙuruciyarsu a Danchadi, yadda suke bin kakarsu fadama cirar albasa, abin da ban taɓa jin ta faɗa ba. Na so in rubuta, na ji kunya, na ce sai wani zuwan.

Ta rasu kafin a yanke gero. Kwalbar tana hannun ƙanwata, ban taɓa cewa ta buɗe mini ba. Ɗakin Inna kuwa iyalin ƙanena ne a ciki, sun yi fenti, sun sa labule. Har yanzu ina zuwa Bodinga, sai dai ba kowane mako ba. Nakan tsaya a zaure mu gaisa da ƙanena, yara su kawo ruwa, in sha in kama hanyar Shagari tun rana ba ta faɗi ba.